Ranar da Inna Ta Wanke Giwar Baƙo

Innata ba ta iya ganin tagulla ta dushe ta wuce. Ko barka ta je gidan mutane, in ta hango tasa ta yi duhu a kan jere, sai ka ga tana ta gyara zama, hannunta na ƙaiƙayi. Tasoshin aurenta, waɗanda suka girme ni, kowace Juma'a sai ta fito da su, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka, ta dirje su har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Mu ƴaƴanta mun sha wannan aiki, shi ya sa har yau in na ji tsamiya da toka sai yatsuna su tuna.

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, ina gida wankan jego a ƙauyenmu na kusa da Cadawa, aka kawo masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Matan garin sun gaji da jan guga, tafin kowa ya yi kanta. Shugaban masu haƙar Ba'indiye ne, kuma maigari ya ce ba inda za a sauke shi sai gidanmu, don Baba na da ɗakin siminti a bakin zaure. Maigarin ya ja Baba gefe ya ce masa: "Baƙon nan amana ne. In ya ji daɗi mun sha ruwa. In ransa ya ɓaci ya naɗe kayansa, ƙauyuka ga su nan suna jira." Baba ya shigo ya maimaita wa Inna maganar har ta ce ta ji, ba kurma ba ce.

Wayyo, ranar da ya iso! Ƴan matan unguwa sun yi kwalliya sun cika ƙofar gida, suna jiran irin Ba'indiyen da suke gani a fim, mai gashi har ido, wanda zai sauko daga mota da waƙa. Sai ga wani gajere mai sanƙo da tumbi, yana share zufa. Na leƙo ta katanga na yi dariya har ƴar jaririyar ta farka. Inna ta yanka masa zakara, ya haɗa hannuwa ya ce da guntuwar Hausar da ya koyo a Najeriya: "Mama, nama babu." Inna ta kusa kuka. Mutum da ransa da lafiyarsa ya ce nama babu? Daga baya suka daidaita a kan shinkafa da wake, da kwaɗon zogale, da nono, ya riƙa lashe kwano.

Kowace safiya kafin ya fita sai mu ji ƴar ƙararrawa daga ɗakinsa, ƙilin-ƙilin, sai ƙamshin turaren tsinke ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Inna ta ce agogonsa ne, kuma mutum mai son turare ɗan albarka ne. Ba wanda ya ƙara tambaya.

Wata Juma'a ya bar mata makulli don a share masa ɗaki. Baba ya tafi kasuwa. Ina zaune a inuwa da ƙwaryar kunun kanwa, sai na ji Inna ta rafka salati daga ciki. Ta fito riƙe da wani abu a tafin hannu, tsawonsa bai wuce ludayi ba.

"Ke, zo ki ga ƙazanta! Tagulla mai nauyi haka, an bar ta ta lalace!"

Na karɓa na juya shi. Mutum ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, da tumbi, da hannuwa huɗu, amma kansa na giwa ne, haure ɗaya a karye, ga ɗan ɓera a gindinsa. Hayaƙin fitila ya baƙanta shi, goshinsa ya yi dama-dama da wani jan gari, kunnuwansa duk maiƙo. Inna ta ce a kan jan ƙyalle ta same shi, da busassun furanni, da ɗan faranti na sukari da tururuwa suka yi wa taro.

"Ƴartsanar ɗiyarsa ce," in ji ta. "Ya taho da ita don kewa, bawan Allah. Maza ke nan, ko gogewa bai iya ba. Ki duba tumbin, ai shi ne sak!"

Na ce wallahi shi ne, har sanƙon. Muka yi ta ƙyaƙyatawa. Ta zuba shi cikin ruwan tsamiya tare da tasoshinta, ta sa toka ta hau dirza, ta samo tsinke ta bi cikin kunnuwa da ƙarƙashin hanci da tsakanin yatsu, tana yi tana yi masa faɗa: "Ɗaga hannun mana, hannuwa har huɗu ba ka iya wanke jikinka ba!" Da ta gama ta kife turmi a tsakar gida ta ɗora shi a kai ya sha rana. Kai, ya yi kyau! Ƙyalli yake har kaji na kauce masa.

Haka Baba ya shigo ya tarar. Ya tsaya da buhu a kafaɗa, ya dubi turmi, ya dubi Inna. Baba ya yi zaman Legas da ƙuruciya, ya ga irinsa a shagunan Indiyawa.

"Innalillahi! Wa ya fito da wanga abu?"

"Ni ce, Malam. Ka ga yadda ya fito?"

"Abin bautarsa ne hwa! Shi yake kaɗa wa ƙararrawa da safe! Sukarin ma nasa ne!"

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dubi hannuwanta, ta hau istigfari, ta miƙe ta wanke su, ta dawo ta sake wankewa. Can sai maganar maigari ta faɗo mata, ta dafe ƙirji. "Na kori baƙo. Na kori ruwan gari. Malam, da wane ido zan dubi mata a bakin rijiya?"

Allah Ya yafe mini, ni dariya ta riga ta kama ni, ga cikin jego, ina riƙe da shi ina hawaye. Inna ta ce a mayar da abin yadda yake. Ta ce a kara shi a murhu ya sha hayaƙi, a shafa masa jan-bakina a goshi. Baba ya ce kada wanda ya ƙara yi wa kayan mutum wani abu, a dai mayar da shi ɗaki. To wa zai ɗauka? Baba ya ce shi da alwalarsa. Ni na ce ina shayarwa, ko da yake ban san abin da ya haɗa su ba. Inna da ta gama sakace masa kunnuwa yanzun nan, ita ce ta ɗauko faifai da muciya tana lallaɓa shi daga nesa kamar garwashi. Ana cikin haka muka ji tsayuwar mota.

Baƙon ya yi sallama a zaure yadda ya koya, Baba ya amsa da wata siririyar murya da ban san shi da ita ba. Ya shigo, duk jikinsa laka. Ya ga turmi. Ni ma dariyar ta gudu.

Ya tuɓe takalmansa a inda yake tsaye. Ya matso a hankali, ya durƙusa, ya ɗauki abin da hannu biyu ya kai hancinsa. Ya daɗe yana shaƙa. Sai ya waiga ya ga kwanon ruwan tsamiya da tulin toka, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Mama, wannan mene suna?"

"Tsamiya," in ji Inna, da ƙyar.

Sai ya fashe da dariya, tumbi na rawa, hawaye na bin lakar fuskarsa. Da Hausarsa da hannuwansa ya ba mu labari. Uwarsa ce ta ba shi abin ranar da zai bar gida. A ɗakinta akwai irinsu jere a kan katako, tana kunna musu fitila safe da yamma, kuma da tsamiya da toka take wanke su, tana yi tana yi wa kowa faɗa. Ta rasu yana nan ƙasar Hausa yana haƙa rami, bai samu zuwa ba. Tun daga nan bai wanke shi ba, ya ce in ya ɗauko sai hannunsa ya ƙi.

"Yau gida ya zo," ya ce, yana nuna hancinsa.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta ce: "Malam, faɗa masa ni tagulla na wanke. Sauran tsakaninsa da abinsa."

Bai tafi ba. Ƙararrawa ta ci gaba da ƙilin-ƙilin da safe, Inna kuma in ta ji sai ta ƙara ɗaga muryar tasbihinta, kowa da nasa. Ɗakinsa dai ba ta sake shiga ba. Ranar da ruwa ya yi tsiri daga foraj, mata suka yi ta guɗa, ya cire hular kwano ya taka rawa cikin taɓo, ƴan matan nan suka samu abin da suka daɗe suna jira.

Da zai bar garin, Inna ta ƙulle curin tsamiya a tsumma mai tsabta ta bi shi har zaure. Ta danƙa masa ta ce: "Ungo, ɗana. Toka dai akwai ta ko'ina. Ka riƙa yi da hannunka, kada ka sake bari kayan uwarka su yi duhu."