Kwalbati na Bakwai

Shekaru sun ja, kai ya yi fari, amma ranar da na jingine keken Baba Harold a bayan ƙofa na shiga motar Bala ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin hanya yanzu kuna yawan tsokanata, wai tsoho ba ya sa hannu a takardar hanyar da bai taka da ƙafarsa ba. To ga dalilin, kuma ba labarin yabon kai ba ne.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin fetur ya shigo, kowa a gida yana jin kansa a sama. Ma'aikatar ayyuka ta jiharmu ta turo ni Landan kwas na shekara guda, ina ƙaramin injiniya, aka haɗa ni da wani kamfanin safiyo da duba hanyoyi. Na kama ɗaki a Camberwell, gida ɗaya da Bala, ɗan garinmu da ke ƙaro karatun likita a babban asibitin unguwar. Na zo da burin ganin manyan tituna masu hawa biyu, sai aka damƙa ni ga wani tsoho mai ɗingishi, Mista Harold, wanda aikinsa hanyoyin burji ne na ƙauye. Ni na laƙa masa Baba, da na fassara masa kuwa ya karɓa da murna.

Bari in bayyana aikin don wanda ba nasa ba ne. Kamfanin yana da kwangilar duba wasu hanyoyin tsakuwa a kudu da Landan, waɗanda suka ratsa daji suka gangara cikin gonakin inabi da wasu manoma suka fara dasawa a shekarun don yin giya. An tare bakin hanyoyin da ƙyaure, ƙaramar mota ba ta shiga, sai tarakta da masu yawon keke. Kafin ruwan ƙarshen shekara ya sauka, mai duba zai sa kekensa a jirgin ƙasa, ya sauka a tashar ƙauye, ya bi hanyar daga farko har ƙarshe. A kowane kwalbati, wato bututun da ruwa ke bi ta ƙarƙashin hanya, zai sauka ya durƙusa, ya zura sandar ƙarfe, ya rubuta a fom: a buɗe ko a toshe. Sannan ya yi alama da alli a can cikin rufin bakin bututun, inda ruwa ba ya wanke ta. Babba ya sa hannu a ƙasan fom, a tura leburori wurin da aka ce a toshe kawai.

"Garba," in ji Baba Harold, "daga cikin mota hanya ƙarya take maka. A kan keke kuwa, mazaunanka ne za su gaya maka gaskiya."

Sau biyu muka je tare. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba: ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, sanyin daji, sai ka ɓullo ka ga layukan inabi a jere kamar kunyoyin gyaɗa. A gindin gangaren akwai gonar wata dattijuwa, Misis Gwen, wadda mijinta ya rasu. Takan ba mu shayi, ta zagaya da mu cikin dashenta na shekara uku, tana cewa baɗi za ta tsinki na farko. Amma ni raina bai so aikin ba. A wurinmu a lokacin keke na masinja ne, ni kuwa ina jiran in koma gida a kira ni babban ma'aikaci.

A karo na uku gwiwar Baba Harold ta kumbura. Ranar Juma'a ya ba ni kekensa da sanda da alli, ya ce na iya, in je ni kaɗai. Asabar da safe, cikin watan Oktoba, ina turo keken daga zaure, na ɗaure ƙafar wando, sai ga Bala yana goge sabuwar motarsa. Ya dube ni ya fashe da dariya.

"Haba Injiniya! Ina za ka da wannan akwala? Wallahi in aka ɗauki hotonka aka kai Kano, cewa za a yi an rage maka muƙami."

Na ce, "Aiki ne, kwalbati goma sha ɗaya zan duba."

"Ajiye shi, don Allah. Yau ina off. Mu yi driving mu je, mu dawo ta Deptford mu sayi kifi. Gonar giya ce ma fa, kai kake ta kashe kanka a kanta."

Wannan maganar ta ƙarshe na riƙe, don ta ba ni wurin fakewa. Amma Allah ya sani ba tsoronsa ne ya hana ni hawa keken ba. Girman kai ne, rawanin tsiya.

Da muka isa, ƙyaure ya tare mu kamar yadda na sani zai tare mu. Na taka na duba kwalbati na ɗaya da na biyu, da ke kusa da kwalta, na same su a buɗe. Sauran tara suna can cikin daji, tafiyar awa uku a ƙasa, ga Bala yana ta danna ham. Na shimfiɗa fom a kan motar na cike su duka: a buɗe, a buɗe, a buɗe. Ranar Litinin na mayar da keken ofis. Baba Harold ya shafa tayar ya ce, "Har wanke mini shi ka yi?" Na ce e. Ya yi godiya, ya sa hannu a ƙasan fom ɗin ba tare da ya ƙara tambayata komai ba.

Bayan mako biyu aka kwana uku ana ruwa. Kwalbati na bakwai, wanda ke saman gangaren, ashe ganye da wani reshe sun toshe shi. Ruwa ya taru, ya yanke hanyar, ya kwaso tsakuwa da laka ya juye a gonar Misis Gwen. Baba Harold ya ce mu je mu gani, da gwiwar tasa a haka. Mun tarar da matar a tsaye cikin laka tana ɗaga itatuwan da suka kwanta, saiwoyinsu a waje. Ba ta zage mu ba. Cewa kawai ta yi, "Harold, ai na ɗauka kun duba." Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Muka haura wurin kwalbatin. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa rufin bakin bututun, ya daɗe yana leƙawa. Alamarsa ta zuwanmu na baya tana nan, tawa babu. Ya miƙe ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Daga nan muka dawo Landan.

Ka'idar kamfani ita ce a yi zaman bincike. Manaja ya zaunar da mu, fom ɗin a gabansa, ya tambayi wanda ya duba hanyar. Na san abin da ke jirana: a soke kwas ɗin, a rubuta wa ma'aikatarmu, in koma gida da kunya. Kafin in motsa, Baba Harold ya ce, "Sa hannun da ke ƙasa nawa ne. Ni ne babba, ni zan amsa." Manaja ya juyo gare ni ya ce ko ina da abin ƙarawa. Na ce babu. Kalma ɗaya ke nan, kuma ita ce mafi muni da na taɓa furtawa a wurin aiki.

Kafin Kirsimeti aka yi masa ritaya, saura shekara biyu lokacinsa ya cika. Mutumin da ya yi shekara talatin ba a taɓa kama shi da ganganci ba ya fita da wannan tabon. Ranar da zai tafi ya kira ni, ya ba ni sandar ƙarfen. Ya ce, "Ƙasarku za ta gina hanyoyi da yawa yanzu, Garba. Dole wani ya sa hannu a kansu. Na fi so ya zama wanda ya ga gonar nan da idonsa." Na ce na gode. Ban ce ka yafe mini ba.

Na koma gida, na sami motar da nake so, na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin hanya. Ma'aikata sun sha yi mini dariya, darakta guda ya sauka daga mota ya ari keken lebura, ya durƙusa a bakin kwalbati da sanda. Ban damu ba. Sai bayan shekara tara na iya zama na rubuta wa Baba Harold wasiƙa, na faɗi komai. Ta dawo mini ba a buɗe ba, an rubuta a bayanta cewa ya rasu. Misis Gwen kuwa ban taɓa sanin ko ta sake dashe ba.

Abin da zan gaya muku shi ne, a aikinmu wanda ya cike fom ba shi ne ruwa ke ci ba. Wani ne can a gindin gangare, wanda ya amince an duba, da kuma wani babba da ya amince da kai. Ku hau keken, ku durƙusa, ku yi alamarku. In kuma kun gaza, ku faɗa tun mai yafe muku yana da rai. Ni sandar tana nan a ɗakina, wasiƙar ma tana nan.