Shirun Uwar Ɗan Fari

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, wata Laraba a tsakiyar damina, ina babbar nas mai kula da ɗakin yara a wani asibiti a nan Suleja. Gab da azahar aka kawo wani yaro ɗan shekara biyu daga Kwamba. Zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, tafin hannunsa fari fat. Uwarsa ce ta goyo shi, kakarsa ta wajen uba tana biye.

Likitan da ke bakin aiki wani ɗan bautar ƙasa ne, Dakta Faruk. Ya ce ƙarin jini za a yi yanzu. A ƙa'ida ba a ƙara wa yaro jini sai uwa ko uba ya sa hannu, kaka ba ta ciki. Uban kuma direba ne a Abuja, wayarsa a kashe.

Kakar ta ce, "Jinin wa za ku ɗura wa jikana? A jira ubansa."

Dakta ya juya wajen uwar, ya yi bayani da Hausa, ya ƙara da Turanci. Ta sunkuyar da kai, ko uffan. Ya ce mini, "Sista, ta ƙi. Bari in je in sanar da babban likita." Ya fita, numfashin yaron kuwa sai sama yake yi.

Ni na lura tun zuwansu ba ta kira sunan yaron ba, "wannan" take cewa. Ɗan fari ne. Mace mai kunyar ɗan fari ba za ta buɗe baki ta nuna damuwa da shi a gaban surukarta ba, ko da zuciyarta na ƙuna.

Na ce, "Hajiya, an kira azahar, zo in nuna miki wajen alwala." Na raka ta har bayan ɗakin magani, na dawo da gudu. Ban ma gama tambaya ba uwar yaron ta riƙe mini hannu tana kuka. "Sista, don Allah ku sa masa. Ina zan dangwala?"

Dakta ya dawo ya tarar da takarda a cike, ya ɗaura jini. Kafin la'asar yaro ya buɗe ido.

To, nan fa abin ya ci mini rai. Uban ya iso, ya durƙusa gaban Dakta yana zuba addu'a. Kakar da ta hana, ita ce kan gaba wajen cewa likitan nan hannunsa da albarka. A taron ma'aikata babban likita ya yaba masa kan iya lallashin iyaye, aka tafa, har da ni. Dakta Faruk bai yi ƙarya ba, amma bai ce komai a kaina ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi na ji kishi, kuma har yanzu in na tuna tafin nan sai na ji shi.

Ranar sallama ina tsaye a bakin ƙofa. Uwar ta wuce ni da goyonta, surukarta na gefe, ba ta ko ɗago kai ba. Na san dalili, amma sanin bai rage mini zafi ba.

Ku da kuka shigo aikin nan, in uwa ta yi shiru, ku duba wa ke tsaye kusa da ita kafin ku rubuta cewa ta ƙi. Godiya kuwa kada ku sa rai. Mutum ɗaya ce ta san abin da na yi, ita ce kuma ba ta da bakin faɗa.