Ta-Ƙetare ta Tashar Bakin Iyaka

Ba 'yar garin ba ce. Jirgin ƙasa ne ya kawo ta daga ƙasar da ke hayin gada, tana budurwa, ta zo jinyar goggonta. Goggon ta warke, ita kuwa ba ta koma ba, domin mai ɗaga wa jirage tuta a tashar, wani dogo marar yawan magana, ya tsayar da ita ba tare da tuta ba. Suka yi aure, ta tare a ɗakunan ma'aikata da ke bayan tankin ruwa. Mutane suka laƙaba mata Ta-Ƙetare, har sunanta na ainihi ya ɓace.

A lokacin tashar na da rai. Ita ce ta ƙarshe kafin iyaka, kowane jirgi sai ya tsaya an binciki kaya da fasinja. Ta-Ƙetare kan aika wa mahaifiyarta sabulu da zane ta hannun direba, amsa ta dawo mata da baki a jirgin washegari.

Sai ƙasashen biyu suka ɓata. Aka gitta ƙarfe a kan gada, jirgi ya koma juyawa daga tashar. Fasinja suka ragu, motoci suka kwashe sauran, daga baya jirgin ya daina zuwa. Babu wanda ya zo ya ce an rufe. Ma'aikata dai suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya ci gaba da fita kowace safiya yana shafa wa ƙarafan sauya hanya mai.

"Maigida, wa kake yi wa wannan wahala?" ta tambaye shi.

"Ai ba a sallame ni ba," ya ce.

Har ya rasu ba a sallame shi ba.

Wata damina rufin ɗakinsu ya rufta, ta kwashi 'ya'yanta ta koma ofishin tikiti, wanda shi kaɗai ya rage da ƙofar kirki. Ta 'yar tagar ta fara sayar da zare, allura da ashana. Ɗakin jiran fasinja ya yi makaranta na ɗan lokaci, ya yi ma'ajiyar taki, ya ƙare a makwancin awaki. Maƙera suka bi layin dogo suna zare ƙusoshi. Tana kallo, ba ta hana ba, ba ta kuma saya ba.

Ko da aka buɗe iyaka ta riga ta yi furfura. Ƙaninta, wanda ta bari yana koyon tafiya, ya zo a kan babur yana tambayar ta a kasuwa. Sai da ya faɗi sunan mahaifinsu ta shimfiɗa masa tabarma.

"Yaya, Inna ta daɗe da rasuwa. Ki zo mu tafi gida."

"Zan je in gani," ta ce.

Ta je. Gidan an raba shi gida-gida, ba ta san kowa ba, ana ta yi mata hidimar baƙuwa. Ta ga kabarin mahaifiyarta, ta ɗan kwana biyu, ta ce ta bar shago ba kowa. Ƙanin bai ja da ita ba, ya maido ta.

Ta ci gaba da sayar da allura har idonta ya daina ganin kafarta. Da gwiwa ta gaza, babbar 'yarta ta ɗauke ta zuwa cikin gari, a can ta cika. Ofishin yanzu jikanta ne a ciki, yana sana'ar cajin waya.