Kwallin Inna Batulu

Inna Batulu yayar kakata ce, 'yar Fagam, aure ya kai ta Birnin Kudu. Ɗinkin hula take yi, kuma tana da wata ɗabi'a: duk hular da ta ɗinka wa mijinta Haladu sai ta ɓoye jan zare guda a gefenta.

Haladu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, shi shiru. Dattawan gidansu suka ce ta shiga takaba, ta ajiye ɗankunne da kwalli. Ta ƙi. Kullum da hantsi sai ta rambaɗa kwalli, ta ɗaura zanenta mai kyau.

Matan unguwa suka sa ta a baki. Jummai, maƙwabciyarta, ta taɓa ce mata, "Batulu, kwalliyar nan fa ta wa ce? Ko an samu wani ne ba mu sani ba?"

"Ta mai gidan ce," in ji ta. "In ya sauko daga mota ya gan ni ido fari fat, ai sai ya ce na riga na binne shi."

Shekara bakwai tana shan wannan gori. Har aka daina kai mata ɗinki.

A shekarun da leshi ya fara cika gari, ta je bikin suna a Gwaram. A ƙofar gidan ta ga wani mai ƙafa ɗaya, Ɗanbala, da tsohuwar hula a kansa. Ta tsaya cak.

"Malam, don Allah ara mini hular nan."

Ta juya gefenta. Ga jan zaren.

Ɗanbala ya sunkuyar da kai. "Ke ce matar Haladu? A hannuna ya cika a fagen yaƙi. Ya ba ni ita ya ce in kai gida, bai kai ga faɗin garin ba."

Ba ta shiga sunan ba. Da ta isa gida ta wanke idonta, ta cire ɗankunne, ta ɗaura tsohon zane. Limamin unguwa ya aiko cewa kwanakin takaba sun wuce tuntuni. Ta ce a gaya masa ta ji, amma Haladu bai samu nasa ba tukuna. Ta cika wata huɗu da kwana goma.

Tandun kwallinta yana wurina. Rabinsa na nan, ba ta ƙara taɓa shi ba.