Mai Saƙa da Gidajen Jarida

A tashar motocin Simsim, nan Gadarif, wata dattijuwa tana zaune kan buhun dawa tana saƙa hular jariri. Tabaranta ƙafa ɗaya gare shi, ɗaya gefen zare ne ta ɗaura a kunne. Ulun duk ya nannaɗe, da gani wata tsohuwar rigar sanyi ta warware. Ina jin ɗanta ya tafi yankan riɗi, ya bar ta da suruka mai tsohon ciki.

A cinyarta akwai yagaggen shafin jaridar Larabci, mai wasan nan na cike gidaje da kalmomi. In ta kai ƙarshen layin saƙa, sai ta soke allura a ulu, ta zaro fensir daga ɗankwali ta rubuta. Ni ma irin shafin ne a hannuna, tun safe na kasa komai. Amma malamin makaranta ne ni, ba na iya ganin rubutun wani ban leƙa ba.

Inda aka nemi "abin da ke saurin ƙarewa", ta rubuta "haƙuri" da ajami.

Na ce, "Inna, Larabci fa ake so a nan."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ya waladi, ɗana, gida ne na tarar babu kowa. Nawa gidan ma, in kaka ta yi, wa ke tambayata kafin ya shimfiɗa tabarma?"

Tana can tana saƙarta. Na dubi nawa gidajen, fes, ko baƙo ɗaya babu. Na ninke shafin, ga ni nan ina fifita da shi.