Kwanon Yaya a Matameye

Ana idar da sallar asuba muka bar Yamai, ni da mai ɗakina, cikin babbar motar da ke zuwa Damagaram. Direba yana ta danna oda kamar mu muka hana shi barci. Niyyata guda ce: in je Matameye in ɗauko yayana, in kawo shi Yamai a duba lafiyarsa, ya zauna a gidana har abin da Allah ya yi.

Ga wanda bai san ni ba, ma'aikacin jinya ne ni a asibitin gwamnati, kuma ƙarshen shekarar nan zan yi ritaya. Wani mai asibitin kuɗi ya riga ya yi mini tayin aiki, na kusa amsawa. Lokacin korona na ga abokan aiki sun kwanta ba su tashi ba, na yi ta alkawari a zuci cewa in Allah ya fid da ni, ina ajiye aiki zan koma gida. Da abin ya lafa sai na manta, halin ɗan Adam. Yanzu ga Yaya an ce yana ta ramewa, an kai shi Damagaram an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kuɗin raken garkarsa na yi lakwal, wato karatun boko. Sai na tsara abin da zai yi mini daidai: Yaya ya dawo kusa da ni, ni kuma in ci gaba da aikina.

Hanya ba laifi har Dosso, daga nan sai wuri-wuri ramuka su tashe ka in ka fara gyangyaɗi. Jandarmomi sun tsayar da mu ya fi a ƙirga, kowa ya fito da katinsa, a duba fuska a duba hoto. Nawa hoton tun ina da baƙin gashi aka ɗauka, wani jandarma ya daɗe yana kallona kafin ya yarda ni ne. A Konni muka ci shinkafa da wake da mai da yaji. A Galmi mai ɗakina ta leƙa ta taga ta taya albasa, da ta ji kuɗin sai ta ce ashe ko a gidan albasa babu sauƙi, amma sai da ta saya. Warin ya raka mu har Maraɗi, inda muka kwana a gidan 'yar'uwarta, don bayana ya daina ɗaukar zaman yini guda.

Washegari muka kama ƙaramar mota. A Tasawa na sayi kilishi don Yaya, na san yadda yake son sa. Daga Takeita muka karya kudu, muka wuce Kance, ƙasa ta fara canza fuska. Ga giginya, ga gawo, ga amalanken shanu ɗauke da rake suna tafiya a gefen hanya ba su damu da kowa ba. Na daɗe ban zo gida ba sai don ta'aziyya, ita kuwa tafiyar ta'aziyya ba ta barin mutum ya kalli gefen hanya.

A zaure na tarar da Yaya. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zama siriri. Amma bakin yana nan.

"Manjo, ka iso?" Haka yake kirana tun ranar da na fara aiki, sunan da ake kiran babban ma'aikacin jinya a wajenmu. "An ce ka zo ka kai ni Yamai a yi mini kwaskwarima."

Na ce gaisuwa ce ta kawo ni. Ya yi dariya, ya ce gaisuwa ba ta zuwa da jakar awo. Na auna jininsa, na duba sukari, na saurari ƙirjinsa, na karanta sakamakon Damagaram. Mutum dai tsufa ya zo masa, amma ban ga cutar da za ta cinye shi haka ba. Kilishin ma ya karɓa ya sa albarka, ya miƙa cikin gida.

Bayan magariba matar Yaya ta kawo tuwon gero da miyar kuka. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana amarya, sai ta ce, "Ɗan Yamai, ko a nemo maka cokali?" Na ce ta bari sai ta zo gidana. Na wanke hannu na zauna gaban Yaya, kwano ɗaya, yadda muka saba tun ina yaro. Muna ci muna hirar farashin taki da mutanen da suka rasu. Can na lura ina kai hannu ina taɓa ƙasan kwano. Yaya ya ture mini sauran naman, ya ɗaga murya ya ce a ƙaro tuwo. Matarsa ta zo ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa, ta koma da sauri. Da ta dawo idonta ya yi ja.

Sai a lokacin na dubi zauren da kyau. A nan ake ciyayya tun zamanin mahaifinmu. Kowane gida a layin ya fito da kwanonsa bayan magariba, magidanta su zauna a ci na wannan a ci na wancan, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani. Na tambayi Yaya ina mutane.

"Korona ta watsa mu," ya ce. "Aka hana taro, kowa ya shige ɗakinsa. Da aka buɗe gari, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ɗansa ya ɗauke shi. Yaran yanzu kuwa sun ɗanɗana ci a ɗaki gaban talabijin, wa zai fito? Saura Malam Idi, shi ma ido ya hana shi fita da duhu."

'Ya'yan Yaya maza duk suna nesa wajen nema. Dattijo irinsa ba zai sa hannu a kwano ɗaya da matarsa ko 'ya'yansa mata ba, ba a yi masa tarbiyya haka ba. To kullum sai a ajiye masa kwano a zaure, ya buɗe, ya yi loma biyu, ya rufe. Bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba tun da aka yaye shi, kuma da tsufansa bai iya koya ba. Shi kansa bai ɗauki abin a matsayin ciwo ba. Cewa ya yi abincin yanzu ne ba shi da daɗi.

Kwanakin da muka yi, safe da rana da dare tare muke ci. Mun je garkarsa ta kan hanyar Ɗan Barto a kan amalanke, ya sare mini rake da hannunsa, yana yi mini dariya wai haƙoran birni ba za su iya ba. Gaskiyarsa, ban iya ba. Da yamma ni da kaina nake zuwa in riƙo hannun Malam Idi, matarsa ta biyo mu da kwanonsu. Kafin mu tafi wani maƙwabci mai ɗinki ya ji hira ta yi daɗi, shi ma ya fito da nasa.

Duk da haka na gwada maganar Yamai sau ɗaya, don kada a ce ban yi ba. Yaya ya tambaye ni, in ya je, ƙarfe nawa nake dawowa daga aiki. Na ce wani lokaci sai bayan isha'i, wani lokaci kwana nake yi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To ka ga can ma ni da kwano ne, sai dai bangon ya fi kyau." Ban sake tayar da zancen ba.

Na yanke shawara in na yi ritaya ni zan dawo Matameye. Abin da ya rage mini tsoro shi ne mai ɗakina. Jikokinta suna Yamai, ƙawayenta suna can, gidan ma ita ta tsaya aka gina shi. A hanyar dawowa na yi ta juya yadda zan fara, har muka wuce Madawa ban buɗe baki ba. Ita ce ta katse shirun. Ta ce ɗakunan bayan gidan Yaya in an sake rufi za su zaunu, amma ba za ta yarda da girki a murhun itace ba, da gas ɗinta za ta zo. Na ce, "Hajiya, jikokin fa?" Ta ce mota ba ta ƙare ba, su zo hutu su san garin kakansu. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ta sauke mini dutse daga ƙirji.

Mun iso Yamai lafiya, gajiya kamar an yi mana duka. Da gari ya waye na je na yi wa mai asibitin kuɗin godiya, na ba shi haƙuri kan aikin. Ya ce zan gaji da zaman banza. Wataƙila, amma Matameye ba ta rasa masu hawan jini da za a auna ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, annoba ba rayuka kaɗai ta ɗauka ba, ta kwashe wasu al'adu da ke riƙe da tsofaffinmu, ba mu lura ba don ba a yi musu jana'iza. Na gode wa Allah da ya ba ni aiki har ga ni dab da ƙarshensa da ƙafafuna, na kuma gode masa da wannan karon na je gida ba don zaman makoki ba. Jiya na kira Yaya bayan magariba in ji ko ya ci abinci. Ya ce in kashe waya in kira anjima, hannunsa na cikin kwano, kuma Malam Idi ba ya jiran kowa.