Marka, Wadda Ba Ta Raɗa Farashi

Kafin hantsi ya dubi ludayi, Hajiya Marka Uwaisu ta gama gaisawa da dillalan hatsin Gwarzo da Kabo ta waya. Sai ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, kana ta ce, "To Alhaji, yaya buhun masara ya kwana?" Da yamma ta kafa ɗaurinta, ta zauna gaban kyamara a Kano, ta warware hawan dala da saukar gero da Hausar da tsofaffin Madadi, mahaifarta, za su gane. Haka ta yi har furfura, ga shi watan nan ta yi ritaya.

Wata safiya labari ya iso teburinta: wani babban kamfanin abincin kaji zai daina sayen masara, farashi zai faɗi warwas. Yayanta Maikuɗi kuwa, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya cika sito da masara a Kabo. Sai ga kiransa.

"Marka, in sayar ko in riƙe?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Ka kunna talabijin bayan magariba."

Ta san in ya sayar da rana, wani bawan Allah da ba shi da ƙanwa a talabijin ne zai kwashi asarar. Mirabel Dalyop, mai shirya shirin, ta shaida cewa ranar sai da aka sake wa Marka kwalliya saboda kuka, amma ta karanta labarin muryarta ko rawa ba ta yi ba. Maikuɗi ya tafka asara, ya daina ɗaga wayarta. Ko bikin 'yarta bai taka ba.

Hajiya, ke ce kika riƙe amanar mutanen da ba su san ma kin riƙe ba. Wallahi abin yana ba ni tsoro, domin da ni ne, da na raɗa masa. Mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita.

Ranar walimar ritayarta a Madadi, sai ga Maikuɗi yana dogara sanda. Ya tsaya gaban jama'a.

"Na yi fushi da yarinyar nan, ba na ɓoyewa," in ji shi. "Amma ko lokacin da ba na gaishe ta, ban taɓa sayar da buhu ba sai na ji bakinta a talabijin. Wadda ta hana ni, wa za ta raɗa wa?"